Tukunyar Mama da Ɗakin da Ka Gina

Samaru, Zariya,
Ƙarshen Agusta, 2006.

Zuwa ga ƙanena Othniel,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Susanna da yara duka. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Kullum muka durƙusa da safe sai mun ambace ku. Allah ya tsare fitarku da shigarku, ya kiyaye ka a kan ruwan nan da kake bi zuwa wurin aiki, ya raya yaran cikin tsoronsa. Idan kuna lafiya, to mun gode masa, domin ita ce gaba da komai.

Mu nan lafiya lau muke, sai abin da ba a rasa ba. Ciwon bayan maigidana Henry ya lafa, har ya koma leƙa gonarmu ta Shika, kuma masara ta yi kyau bana idan Allah ya kai mu kaka. 'Yata Marvellous ta ƙara tsawo, ta kusa kamo ni, baki kuwa ta riga ta wuce ni. Muna tsakiyar marka yanzu. Rana ba ta cika fitowa ba, wanki yana kwana a igiya bai bushe ba, gishiri ya narke a gwangwani, hanyar Sabon Gari kuma duk ta zama caɓi. Mama tana nan a gidan Chikaji, jikinta da ƙwari, tana cin abinci, tana zuwa coci da ƙafarta. Maganarta ce ta sa na zauna na ɗauki biro.

Za ka ce me ya hana in kira ka a waya. Na san halinka ne. Tun kana ƙarami ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance, sai ka yi ta cewa to, to, na ji, alhali ba ka ji ba. Takarda kuwa ba za ka iya katse ta ba, saboda haka ka nemi wuri ka zauna. Na sami labarin abin da Kawu Martin ya gaya maka: wai hannun Mama ya lalace, burukutunta ya daina kyau, ruɗin tsufa ya fara kama ta tun rasuwar Baba. Na kuma ji abin da ka yanke, cewa idan an gama addu'ar cika shekarar Baba a ƙarshen wata mai zuwa za ka ɗauke ta ku tafi Fatakwal, ta rabu da wuta da hayaƙi, ta huta. Ban ga laifinka ba. Ɗa na kirki abin da zai yi ke nan idan ya ji irin wannan labari daga nesa. Amma rabin magana aka ba ka, ni kuma ina roƙonka kada ka yanke wa Mama hukunci a kan rabi.

Kawu bai yi ƙarya ba game da giyar. Tun da damina ta kankama, dahuwar Mama ba ta fita daidai ba. Ta farko ta zo tsararo, ba gardi, kamar an ɗauraye tukunya an miƙa wa mutane. Wadda ta biyo baya ta yi tsami tun ba a kai yamma ba, ga wani ɗacin hayaƙi a maƙoshi. Tsofaffin abokan Baba na reluwe, waɗanda suka yi shekara da shekaru suna zama a bencin ƙofar gidanmu, suka sha don kunya, suka yi godiya, daga nan aka fara ganinsu ɗaya ɗaya a wani gida can Dogarawa. Ka san ni ba na sha, tun da na bi Henry cocinsu ko ɗanɗanawa ban ƙara yi ba, kuma ba sau ɗaya na yi wa Mama tsegumin sana'ar nan ba. Duk da haka ranar da na je na tarar da bencin babu kowa, raina ya ɓaci ƙwarai. Da aka fara cewa ruɗewa ce, ni ma tsoro ya kama ni, na yi ta sa mata ido ko zan ga ta manta sunan wani ko ta zuba sukari a miya. Ban ga komai ba.

Kai ba ka taɓa tsayawa a bakin murhu ba, aikinka a lokacin shi ne satar tsiro a shanya kana taunawa, don haka bari in tuna maka yadda abin yake. Bayan an jiƙa dawa ta tsira, an shanya, an niƙa, an dama, an yi dahuwar farko ta kwana ta ɗauki tsaminta, sai dahuwa ta biyu, kuma a nan ne giya take samun ƙarfinta ko ta rasa shi. Dole ruwan ya tafasa ya yi ta fita da tururi har ya ragu, daga wuyan tukunya ya sauko kafaɗarta, zaƙin dawar ya tattaru wuri guda. Idan bai ragu ba, ruwa ne kawai mai launi. Idan ya wuce, gindin tukunya ya kama, warin ƙonewa ya shiga, ba mai iya fitar da shi. To wannan raguwar ba wuta kaɗai ke yin ta ba, har da sararin sama. Da rani, lokacin da leɓe ke tsagewa, iska tana da ƙishi, tana zuƙe tururin tun bai tashi sama ba, tukunya ta sauka da sauri kamar ana kwasa. A irin wannan lokaci Mama takan ƙara ruwa tun farko, ta janye itace da wuri. Ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi kuwa takan kare murhu da tsohon kwano ta gefe ɗaya, don kada harshen wuta ya kauce wa tukunya, amma ta bar saman a buɗe iskar ta yi nata aikin. Da bazara, gab da saukar ruwa, zafi ne da nauyin iska, sai ta tsaya tsaka-tsaki. Da damina kuma iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta marmarin na tukunya, itace ya sha laima yana huci maimakon ci, tururi ya tsaya a kan tukunya ya ƙi tafiya. Sai ta rage ruwa, ta ƙara wuta, ta ƙara haƙuri. Ka tuna yadda takan fito da safe ta taɓa zanen da ya kwana a igiya, ta ɗaga kai ta dubi gabas, kafin ta ce a ɗebo ruwa kaza? Mu muna ɗauka al'ada ce kawai irin ta tsofaffi, ashe awo take yi.

Yanzu na zo inda ke da wuyar faɗa. Ka tuna ranar da aka dawo daga kai Baba makwancinsa, ruwan ƙarshen damina ya sauko, ka fito ka tarar da Mama a tsakar gida ta jiƙe sharkaf tana kare wuta da faranti don baƙi su sami abin sha. Na ga fuskarka a lokacin. Ba ka yi kuka a bakin kabari ba, amma a nan ka juya baya kana share ido. Kafin ka koma ka kira Augustine magini, ka nuna masa wurin murhun, ka ce ya tayar da ɗaki na bulo, ya rufe da kwano, ya yi taga ƙarama yadda feshin ruwa ba zai shiga ba. Ya yi yadda ka ce, aiki mai kyau, ba inda yake yoyo. An gama shi da shigowar rani, kuma duk ranin nan ba a sami matsala ba, domin busasshiyar iska ko ta ƙofa ta shiga sai ta kwashe rabonta. Giya ta yi ta fita daidai, kowa yana yabon ɗakin, matan zumuntar coci suna zuwa kallo, Mama tana nuna musu tana cewa Othniel ne. Shi ya sa da abu ya ɓaci da damina ba wanda ya dubi ɗakin. An ga watanni yana aiki lafiya, sai aka dubi tsohuwar da ke ciki.

Makon jiya na yi sammako na tafi Chikaji ranar dahuwa ta biyu, ban sanar da ita ba. Othniel, ina sa kai a ɗakin nan numfashina ya ɗauke. Tururi da hayaƙi sun cika shi maƙil, bango yana gumi, wutar kuma ta yi ja tana lumshewa don ba iskar da za ta ci. Na ɗaga kai na ga ƙasan kwanon duk ya yi ɗigo-ɗigo, tururin da ya tashi ya bugi kwano mai sanyi ya koma ruwa, ya kwaso baƙin hayaƙi, yana ɗiga yana komawa cikin tukunya. Abin da wuta ta fitar, rufin yana mayarwa. Tun safe take tafasa, rana ta kusa tsakiya, ruwan yana nan a wuya bai ce zai sauka ba. Mama tana tsaye da muciya, idanunta sun yi jawur, tana fita ƙofa ta shaƙi iska ta dawo. Amma ba wannan ne ya fi taɓa ni ba. Na lura ruwan da ta zuba bai kai ko na damina da ta saba ba, ta rage shi sosai. Na ga ta jera itacen gobe a gefen murhu yana shan ɗumi. Na ga ta rataye wani tsohon faranti a karkace daga jikin katakon rufi, saitin tukunya, don ya tare ɗigon ya zubar gefe, sai dai ɗakin ya fi ƙarfin faranti. Wanda ya ruɗe ba ya yin wannan. Wanda ya san ainihin abin da ke damunsa ne yake yi.

Na ja ta waje muka zauna a baranda, na tambaye ta ko ta san ɗakin ne. Ta dube ni irin kallon da take mana idan mun yi tambayar wauta, ta ce tun dahuwar farko ta damina ta sani, tun kafin ta sauke. Ta bayyana mini komai dalla-dalla, yadda na rubuta maka a sama, har ta ƙara da cewa ko an sauke ma giyar ba ta hucewa da wuri a ɗakin, shi ya sa tsami ke rigan ta. Na ce to me ya hana ta faɗa, tana ji ana cewa ta ruɗe, tana kallon mutanenta suna watsewa. Ta jingine muciyar a bango. Sannan ta ce kai ba ka samu ka yi jinyar Baba ba, saƙo ya same ka a makare, ka iso an riga an rufe akwati, kuma ta san abin yana cin ka har yau ko da ba ka faɗa. Ta ce ɗakin nan shi ne abin da ka samu ka yi da baƙin cikinka. Ta ce duk ranar da ka kira ta a wayar maƙwabciyarta Maman Tosin, kafin ka tambayi lafiyarta sai ka tambaya ko ruwa ya taɓa ta, idan ta ce a'a sai ta ji muryarka ta saki. Da wane baki za ta ce maka abin da ka gina shi ke kashe mata giya? Ta ce a bar su su ce ta tsufa, ai ta tsufa ɗin, tsufa ba abin kunya ba ne.

Na yi faɗa, ka san ni. Na ce zan sa Henry ya zo da guduma ya fasa saman bangon kafin yamma. Ta ce idan aka taɓa bulo ɗaya ba da bakinka ba, ba ni ba ita. Na ce to mu haɗa murhu a waje mu kafa rumfar buhu. Ta ce unguwa tana da ido, kafin mako ya zagayo labari ya kai maka cewa uwarka ta bar ɗakinka ta koma cikin ruwa. Ta hana ni gaya wa Kawu Martin, ta hana ni gaya maka. Na yi mata alkawarin Kawu, naka kuwa ban yi mata ba, kuma ta lura da hakan.

Ga abin da ya sa ba zan iya jira ba. Ranar Lahadi bayan coci Kawu ya zo gida, ya zauna da Mama cikin ladabi, ya ce dattawan dangi za su taso daga Zonkwa don cika shekarar Baba, kuma bai kamata a miƙa musu abin da za su koma gida suna magana a kai ba. Ya ce za a ba wata mata a Dogarawa ta dafa. Mama ta sunkuyar da kai ta ce to, yadda suka gani. Ina wurin, na ji kamar in tsala ihu. Kai ka san al'adarmu, matar mamaci ita ke dafa giyar wannan rana idan tana da hannu, ita ce hidimarta ta ƙarshe ga mijinta, daga ita ta fita takaba a idon dangi. Kuma ka san Baba. Tun da ya auro ta bai taɓa kai ƙwaryar wata mace bakinsa ba, ko a biki sai ya ce cikinsa ba daɗi, ya dawo gida ya sha nata. A ranarsa ta ƙarshe a zuba wa 'yan'uwansa giyar wata, matarsa tana zaune a gefe ana yi mata kallon tausayi, sannan a sa ta a mota a kai ta garin da ba ta san kowa ba da sunan ta ruɗe? Ba za ta yi musu ba, za ta bi ka, za ta yi maka godiya ma. Amma ina jin tsoron matar da za ka sauke a Fatakwal ba ita ce wadda ka sani ba. Tun ranar Lahadin nan ta rage magana, jiya kuma Maman Tosin ta ce ta ga tana wanke manyan tukwanen tana kifewa a bayan ɗaki.

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne, amma kai kaɗai za ka iya. Ka kira ta. Kada ka tsaya dogon ba da haƙuri, idan ka fara za ta yi kuka ta rantse maka ɗakin ba shi da aibi, ku yi ta jayayya har katinka ya ƙare. Ka ce mata kawai ɗakinka ne, kuma kana so a gyara shi: a cire bulon sama ta gabas da ta yamma iska ta riƙa ratsawa, a ɗaga kwanon, a buɗe masa hanya a tsakiya inda tururi zai fita, a bar rufin yana kare ta daga ruwa yadda ka yi niyya tun farko. Na tuntuɓi Augustine a asirce, ya ce aiki ne ƙarami. Sannan ka kira Kawu da kanka ka ce masa Mama ce za ta dafa ta Baba, idan yana shakka a bar ta ta gwada sau ɗaya bayan gyara, ya zo ya ɗanɗana. Daga bakinka zai karɓa, ni mace ce kuma ya san ba na sha, zai ce me na sani. Kada ka ja lokaci. A wannan laimar tsiro yana daɗewa bai bushe ba, idan ba a jiƙa dawa da wuri ba ko an gyara ɗakin ba za a cim ma ranar ba. Maganar Fatakwal kuma ka ajiye ta tukuna. Idan ta dafa ta Baba, dattawa suka sha suka sa albarka, ka tambaye ta a lokacin, duk abin da ta ce maka zai zama nata ne.

Na san takardar nan za ta yi maka zafi, ni ma ban rubuta ta da daɗin rai ba. Ba ka yi laifi ba, ƙanena. Ka ga uwarka cikin ruwa ka rufe ta, ba wanda zai ce maka don me. Kawai dai tukunyarta tana bukatar sama, kai kuma ba ka sani ba, ita kuma ta fi son ka da ta faɗa.

Ka gaishe mini da Susanna da kyau, ka ce na gode da atamfar, na ɗinka har na sa ta zuwa zumunta. Ka shafa mini kan yara. Henry yana gaishe ka, Marvellous tana gaida kawunta tana tambayar yaushe za ku zo. Maman Tosin da Augustine suna miƙa gaisuwa. Da zan baro Chikaji na gaya wa Mama direban da ke zuwa wajenku zai tashi jibi, ko tana da saƙo. Ta dube ni, ta dubi jakata, na tabbata ta san abin da zan rubuta. Ta ce in gaishe ka, in ce kada ka damu da ita, in kuma gaya maka duk daminar nan ko ɗigo ɗaya na ruwan sama bai taɓa ta ba. Na isar maka yadda ta faɗa, kuma gaskiya ta faɗa. Sauran yana hannunka.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.

Ni ce yayarka mai ƙaunarka,
Edith.